Sabon Bakin Injin Girbi: A Tambayi Mai Kara Kafin A Saya

Duk wanda ya bi ta Kakuri, a kudancin kogin Kaduna, cikin watannin kaka, zai ga manyan motoci ɗauke da buhunan masara da dawa sun nufi ma'aikatun da suka rage a wannan yanki da kewayensa. Kakuri unguwa ce ta masana'antu da ma'aikata. A nan aka buɗe Masaƙar Kaduna cikin 1957, a nan aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta ƙasa cikin 1964, a nan kuma kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci cikin 1975. Amma tun farko abin da manomi ya shuka a ƙauye shi ne yake juya yawancin injunan wannan wuri. Masaƙu sun dogara ga auduga. Kamfanin giya ya koma ga dawa da masara tun sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da sha'ir ɗin da ake yin giya da shi cikin 1988. Masu haɗa abincin kaji kuwa ba su da abin yi in babu masara da waken soya. Saboda haka duk maganar da ta shafi girbi ta shafi tukunyar ma'aikacin Kakuri.

Maganar girbi da inji ta sake tasowa a 'yan shekarun nan. Cikin watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin abinci. Cikin Afrilu na 2025 aka aza harsashin wani yankin sarrafa amfanin gona a Ƙaramar Hukumar Chikun, maƙwabciyar Kakuri, da taimakon Bankin Raya Afirka. Cikin Yuni na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da manyan injunan girbi 10 waɗanda aka sayo daga ƙasar Belarus. A fadamun Kebbi da Jigawa da Kano kuma tuni ƙananan injunan girbi na ƙasashen Asiya suka shiga aikin haya a gonakin shinkafa.

To, da yake injin girbi ya fara zama abin da manomi yake gani da idonsa, ba da daɗewa ba za a kai ga tambayar irin bakin da ya dace a ɗaura masa. Akwai wani baki da manoman alkama da shinkafa a Amurka da Ostareliya da Ingila suka daɗe suna aiki da shi, wanda bai yaɗu a ƙasar nan ba tukuna. Ba ya yanke kara. Tsefe ƙwaya yake yi daga zangarniya ya bar karan tsaye a gona. Waɗanda suka yi aiki da shi sun yaba masa, sun kuma faɗi aibinsa. Ya kamata a saurari duka biyu tun kuɗin jama'a ba su fita ba.

YADDA BAKIN YAKE AIKI

Babban injin girbi aiki uku yake yi a tafi ɗaya, watau yanka da casa da shiƙa. Bakinsa shi ne wannan faffaɗan sashe da ke gaba, wanda ake iya cirewa a sa wani. Bakin da aka saba da shi yana da jerin wuƙaƙe masu kai da kawowa, su yanke tsiro daga ƙasa kamar yadda lauje yake yi, sa'an nan a tura kara da zangarniya duka cikin injin domin a raba su. Watau fiye da rabin abin da injin yake haɗiya ba hatsi ba ne, kara ne wanda zai sake fesarwa ta baya. Yawancin man da yake sha da ƙarfen da yake cinyewa a kan wannan kara suke tafiya.

Baki mai tsefewa kuwa ba shi da wuƙa ko ɗaya. Abin da ke cikinsa wata doguwar ganga ce kwance, an jera mata haƙora layi takwas. Tsakanin haƙori da haƙori akwai tsaga wadda ta ƙare da rami kamar kafar makulli. Gangar tana juyawa da gudu, sau ɗari huɗu zuwa ɗari takwas a minti ɗaya gwargwadon irin amfanin, kuma daga ƙasa zuwa sama take ɗauko tsiro. Kara ya shiga tsaga, haƙora su zare ƙwayar kamar yadda mace take zage ganyen zogale daga reshe, sai ƙwayar ta bugi wani murfi da ke bisa gangar ta faɗa baya, a kwashe ta zuwa cikin injin. Abin da yake shiga ciki shi ne ƙwaya da ƙaiƙayi da ɗan ganye. Mafi yawan casar an riga an yi ta tun a baki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani marubuci Barume mai suna Filini ya ba da labari, cikin ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, cewa manoman ƙasar da yanzu ake kira Faransa suna da wani amalanke mai haƙora a gaba, dabba tana tura shi daga baya, yana tsinke kawunan hatsi suna faɗawa cikin akwati. Cikin 1843 John Ridley ya ƙera irinsa a Ostareliya ta Kudu, a lokacin da alkama ta nuna aka rasa masu girbi. Na zamanin nan kuwa an ƙago shi ne cikin shekarun 1980 a cibiyar binciken injunan gona ta Silsoe a Ingila, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Wilf Klinner, sa'an nan kamfanin Shelbourne Reynolds ya shiga ƙera shi don sayarwa a ƙarshen waɗannan shekaru. Yanzu akwai mai faɗin fiye da mita 12. Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk inda dabarar ta yi ƙarfi wuri ne mai faɗin gona da ƙarancin hannu, inda kuma kara ba shi da wata daraja ta a-zo-a-gani.

ABIN DA MANOMA SUKA YABA

Abu na farko da masu aiki da wannan baki suke ambata shi ne sauri. Da yake injin ba ya shaƙewa da kara, yana iya gudu fiye da da, ya girbe gona mai yawa a yini guda da mai kaɗan. Wannan ya fi bayyana a shinkafa, domin karanta yakan kasance ɗanye ko da ƙwaya ta nuna, yana da tauri, yana kuma ɗauke da wani sinadari mai kama da rairayi wanda yake cin ƙarfe. Shi ya sa manoman shinkafa na jihohin Arkansas da Luwiziyana da Misisifi a Amurka suna cikin waɗanda suka fara karɓarsa. Suna kuma iya fita aiki tun da sauran raɓa, su kai dare, lokacin da danshin kara zai tsai da baki mai yanka.

Na biyu, in iska ko ruwa ya kwantar da amfani, haƙoran suna iya ɗago shi su tsefe ba tare da an kwashi ƙasa da duwatsu masu yawa ba, muddin direban ya san yadda zai tunkare shi.

Na uku, wanda a wurin wasu ya fi sauran duka, shi ne karan da aka bari tsaye. A busassun filayen Kansas da Kolorado da Nebraska ruwan sama kaɗan ne, wani kaso na danshin da gona take samu daga dusar ƙanƙara yake zuwa. Dogon kara yana tare wannan dusa kada iska ta kwashe ta, yana yi wa ƙasa inuwa, yana rage gudun iska a fuskar gona, saboda haka danshi ya daɗe. Waɗannan manoma ba sa huɗa. Suna da injin shuka mai faifan ƙarfe wanda yake tsaga ƙasa tsakanin tsohon kara ya zuba iri. A wurinsu kara bargo ne da aka lulluɓa wa gona, kuma wasu sun sayi bakin ne saboda wannan kaɗai.

ABIN DA SUKA KOKA DA SHI

Su waɗannan manoma ba su ɓoye matsalolinsa ba. Babbar cikinsu ita ce zubar ƙwaya a gaba. A baki mai yanka, asara yawanci ta bayan inji take fita, inda ake iya ganinta a gyara. A mai tsefewa kuwa ƙwayar da ta kuɓuce tana faɗuwa ne tun kafin ta shiga, ta ɓuya a gindin kara, direba yana zaune a sama bai sani ba. Dole ya riƙa sauka yana duba ƙasa, yana daidaita abu huɗu da juna: gudun ganga, tsawon murfi, tsawon bakin daga ƙasa, da gudun injin kansa.

Wani abin mamaki da suka gano shi ne, tafiya a hankali ita ce take ƙara asara. Bakin yana bukatar amfani mai kauri ya tsaya a gabansa kamar bango, domin shi ne yake tare ƙwayar da ta yi tsalle gaba. Inda shuka ta yi tsirau-tsirau, ko ta yi gajarta saboda fari, ko wani tsiro ya fi wani tsawo, ko hatsi ya bushe ƙwarai har yana kakkaɓewa da kansa, sai asara ta yi yawa. Haka nan duk lokacin da injin ya tsaya, ko ya shiga sabon layi, ko ya fita daga wani, akwai abin da yake zuba.

Bugu da ƙari, bakin yana da nauyi da tsada, haƙoransa suna cinyewa a bukaci sababbi, kuma bai dace da kowane amfani ba. An yi shi ne domin masu siririn kara, irin su alkama da sha'ir da shinkafa da irin ciyawa. Masara tana da nata baki dabam. Wanda kuma ba shi da injin shuka mai faifai, dogon karan nan sai ya zame masa alaƙaƙai, ya nannaɗe a garma ya hana aiki. Mai bukatar ɗaure tattaka don dabbobi kuwa sai ya sake shiga gonar da wani inji ya yanke, ya biya kuɗin aiki sau biyu.

DARAJAR KARA A AREWA

A nan ne hanyar manomin Kansas da ta manomin Kura ko Zariya suka rabu. A ƙasar Hausa girbi biyu ake yi a gona ɗaya, na hatsi da na abin da hatsi ya bari. Karan dawa da na gero su ne danni da zana da rufin ɗaki da makamashi. Harawar wake da ta gyaɗa kaya ne na kasuwa, ana ɗaure su a ajiye bisa rufi ko a kan itace har bazara, sa'ad da kuɗinsu yake tashi. Bambaron shinkafa da tattakar alkama, waɗanda a da ake yi wa kallon shara a wasu wurare, yanzu shanun huɗa da na kiwo suna rayuwa a kansu daga hunturu zuwa faɗuwar ruwa, magina kuma suna kwaɓa ƙasa da su. A cikin birnin Kaduna kansa duk mai turken rago ya san abin da damin harawa yake ci masa in Babbar Salla ta matso.

Lissafin a fili yake. Duk tan ɗaya na shinkafa da aka girbe, akwai kimanin tan ɗaya na bambaro da ya zo tare da ita. In an yanka da lauje aka tara aka buga a jikin duro bisa tamfol, bambaron yana nan a tsibi guda, sai ɗauka. In baki mai yanka ne ya yi aikin, yana zubar da shi a jere, ana iya tattarawa. In kuwa mai tsefewa ne, yana nan tsaye a warwatse cikin gona duka, mai gona ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya sake biyan masu lauje, ya saki dabbobi, ko ya sa wuta.

Sakin dabbobi tsohuwar al'ada ce mai kyau. Makiyayi ya sauka a gona bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki, wani lokaci har mai gona ya ƙara masa da damin hatsi. Kara tsaye ya dace da wannan tsari, domin bai taɓa ƙasa ya ruɓe ba. Amma a yau amana tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni a wurare da dama na Jihar Kaduna da maƙwabtanta, kuma yawancin rigimar da ake yi a kan lokacin shiga gona ne da wanda yake da ikon ba da izini. Gona cike da abincin dabba tsaye, maƙwabciyarta kuma ba a girbe ba tukuna, abin da yake jawo ɓarna ke nan in babu yarjejeniya. A wuraren noman rani kuma kofaton shanu yana rushe magudanan ruwa da aka kashe kuɗi aka gina.

Sa wuta shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi muni. Manomin da ya girbe alkama cikin Maris ko Afrilu yana gaggawar gyara gona don shuka ta gaba, wanda ya girbe shinkafar damina kuma yana so ya shuka alkama cikin Nuwamba kafin sanyi ya wuce shi. Duk wanda ya makara ya san zafin bazara zai riski alkamarsa tana fitar da kai. Cikin wannan gaggawa ashana ce take yanke hukunci. Wuta tana cinye yawancin sinadarin da takin yuriya yake bayarwa wanda ke cikin kara, tana hana ƙasa ruɓaɓɓen ganyen da yake riƙe mata ruwa, kuma a lokacin hunturu ba ta san iyakar gona ba. Ke nan abin da aka ƙera don ya adana ƙasa a wata nahiya yana iya zama sanadin ƙona ta a nan.

GIRMAN GONA DA IRIN SHUKA

Ko da an warware maganar kara, akwai ta gonar kanta. Jihar Kaduna tana sahun gaba wajen noman masara a Nijeriya, abin da ya samo asali tun shirin raya aikin gona na Funtuwa wanda aka fara cikin 1975 da rancen Bankin Duniya, aka yaɗa sabon iri da takin zamani. Masarar Saminaka da Lere da Giwa, da dawar da ake kawowa Kakuri, ba abincin wannan baki ba ne. Haka kuma gonar da aka haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya ba ta shiguwa ga kowane babban inji. Binciken da David Norman da abokan aikinsa suka yi a ƙauyukan Zariya daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru cikin shekarun 1960 da 1970 ya nuna cewa wannan haɗi hikima ce, domin yana rage wa ƙaramin manomi kasada, yana kuma ba shi riba mai kyau a kan wahalarsa.

Abin da ya rage shi ne shinkafa da alkama a manyan wuraren ban ruwa, kamar Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga wadda aka gama cikin 1974, da Bakolori kusa da Talatar Mafara, da kwarin Haɗeja. Bukata a nan ta gaske ce. Nijeriya tana sayo alkama fiye da tan miliyan 4 daga waje kowace shekara, abin da take nomawa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da take ci ba. Hanin shigo da alkama da aka yi cikin 1987 bai daɗe ba aka janye shi, domin gonakin gida sun kasa cike gurbin. A lokacin girbi kuma hannu yana ƙaranci, kuɗin ƙwadago ya hau, shinkafa ta daɗe a tsibi tana jiran masu bugu, tsuntsayen jan baki da ɓeraye suna cin rabonsu.

Amma waɗannan wurare an rarraba su ne ga dubban ƙananan manoma, da yawansu ba su kai hekta ɗaya ba, kuma kowace gona an yayyanka ta fangali-fangali don riƙe ruwa. Bakin da ribarsa take cikin gudu mai ɗorewa ba zai sami filin gudu ba. Kafin ya kai saurin da ya dace ya iso kunya, ya tsaya, ya juya, kuma an riga an ga cewa kowace tsayawa asara ce. Maƙwabta ba rana ɗaya suke shuka ba, ba kuma iri ɗaya ba. Wanda ya ajiye iri daga girbin bara sau da yawa yakan tarar ya gauraye, wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani da saura. Lauje ba ruwansa da wannan. Ganga mai haƙora kuwa tsawo ɗaya take aiki.

An taɓa gwada rage girman wannan dabara don ƙaramin manomi. A farkon shekarun 1990 Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin ta ƙera ƙaramin inji mai tsefewa wanda mutum yake bi a ƙafa. Bai karɓu ba kamar yadda ƙaramin injin casa na wannan cibiya ya karɓu a ƙasashen Asiya. A kwarin kogin Senegal ma abin da ya kawo canji injin casa ne mai shiƙa, wanda ake kira ASI, da aka fitar cikin 1997. Maƙeran ƙasar suke ƙera shi, su suke gyara shi, yana barin bambaro a tsibi don dabbobi, har ya sami lambar yabo ta Shugaban Ƙasar Senegal cikin 2003.

DARASIN KAKURI

Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya isa wane tsoron Allah. Babu inda ya kai Kakuri sanin abin da yake faruwa ga inji in abin da yake tallafe shi ya janye. Masaƙun da suka ɗauki dubban ma'aikata sun durƙushe ne bayan da aka rushe hukumar cinikin auduga cikin 1986, darajar Naira ta faɗi har kayan gyara na waje suka gagari saye, wutar lantarki ta yi ƙaranci, yadin fasa-ƙwauri kuma ya cika kasuwa. Masaƙar Kaduna ta rufe cikin 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsai da aiki cikin 2007. Injunan ba su da laifi. Abin da ke kewaye da su ne ya gaza.

A fagen noma ma an ga irin wannan. Zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980 an shigo da taraktoci masu yawa, an kafa wuraren harhaɗa su a Bauchi da Kano, amma rashin kayan gyara ya mai da da yawansu kangon ƙarfe a harabar ma'aikatun gona. A shirin ban ruwa na Kudancin Tafkin Chadi, wanda aka tsara zai kai hekta 67,000, an tanadi manyan injunan girbin alkama, sai tafkin ya ja baya cikin shekarun fari na 1980 ya bar magudanai a bushe. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu na 2023, Naira kuma ta sake faɗuwa, duk wani haƙori ko ɗamarar inji da za a sayo da kuɗin waje ya ninka tsada. Girbin alkama makonni kaɗan ne. Injin da ya tsaya kwana goma yana jiran kaya daga Ingila ya yi asarar shekara.

Sai dai Kakuri tana da abin da za ta bayar. Shekaru da dama na aikin masaƙa da harhaɗa motoci sun bar makanikai da masu walda da masu aikin ƙarfe waɗanda suka san inji ciki da waje, da yawansu yanzu suna ƙananan rumfuna a bakin titi. Kwalejin Fasaha ta Kaduna tana tsallaken kogi, Samaru kuma tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba ce. Injin casa na shinkafa da alkama, da na ɓare masara, da na daddatsa kara, da na ɗaure tattaka, duk ayyuka ne da hannun waɗannan mutane zai iya, kuma su ne manomi mai hekta ɗaya yake bukata a yau.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba a ce a rufe wa baki mai tsefewa ƙofa ba. Akwai manyan gonakin shinkafa na kamfanoni waɗanda aka daidaita ƙasarsu, ake shuka iri ɗaya rana ɗaya. A irin waɗannan wurare yana iya biyan kuɗinsa, masu su kuma sun isa su yi lissafinsu da aljihunsu. Abin da ake jan kunne a kai shi ne sayen kifi a ruwa da dukiyar jama'a.

Kafin wata gwamnati ko ƙungiyar manoma ta sa hannu a takardar saye, wajibi ne Cibiyar Samaru da Cibiyar Injunan Gona ta Ƙasa da ke Ilori su gwada bakin a gonakin ƙasar nan na aƙalla girbi biyu, gefe da gefe da baki mai yanka da kuma lauje. A auna ƙwayar da ta zuba a ƙasa, a auna man da aka sha, a kuma sa kuɗin bambaro cikin lissafi a farashin bazara, sa'an nan a bayyana wa manoma sakamakon da harshen da suke ji. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika ita ma tana da ta cewa, domin bambaron da aka jiƙa da ruwan yuriya, kimanin kilo 4 ga kilo 100, aka rufe shi na 'yan makonni, yana ƙara amfani ga saniya, wannan kuma yana ƙara masa daraja a kan wadda yake da ita.

Inda za a yi aiki da bakin a wurin ban ruwa, sai ƙungiyoyin masu shan ruwa sun yarda a kan iri ɗaya da ranar shuka ɗaya, hakimai da ardo-ardo kuma sun zauna sun tsai da ranar shigar dabbobi da hanyar da za su bi. Duk wata yarjejeniyar saye kuma ta ƙunshi horar da direbobi da ajiye kayan gyara a cikin ƙasa, da ba maƙeran gida damar ƙera abin da yake saurin cinyewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Manoman da suka riga kowa aiki da wannan baki sun amfana ne domin sun san abin da suke so su yi da karansu tun kafin su saya. Manomin Arewa shi ma ya san abin da yake yi da nasa, tun kaka da kakanni. Shi ya kamata a fara tambaya. In hatsi ya iso Kakuri da araha amma saniyar huɗa ta kwana da yunwa a ƙauye, baɗi motocin da za su shigo unguwar sai sun ragu. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma ba masu riƙe da amanar jama'a basirar auna riba da asara kafin su yanke shawara.